Sawu a Ƙofar Yamma

An sace tutar bataliya daga majami'ar garin Marlstow, saura kwanaki kaɗan a yi Lahadin tunawa da waɗanda yaƙi ya ci. Matar da ke share wurin ce ta ɗaga kai ran Talata da hantsi, bayan an watse daga jana'izar wata tsohuwa, ta ga ƙugiyar ƙarfe tsirara a jikin ginshiƙi, can sama da bencin magajin gari. Ba tuta, ba sandarta.

In don kyau ne ba wanda zai sace ta. Jan siliki ne da ya koɗe ya yi raga-raga, tun zamanin kakanni aka rataye shi a nan. Irin wannan tuta ba a wanke ta, ba a ɗinke ta, barin ta ake yi ta ruɓe a inda take har ta zama ƙura. Sai dai ba gida a Marlstow da bai ba bataliyar nan ɗa ba, kuma ba duka suka dawo ba.

Kafin tsakar rana an gama shari'a a mashaya. Bajamushe ne ɓarawon, in ji su. Sunansa Lothar Wiegand, fursunan yaƙi ne da aka sallami 'yan'uwansa shi ya zauna, ya auri 'yar gari, yana haƙa kaburbura yana hura wutar tukunyar da ke ɗumama majami'a. Izinin zamansa na wucin gadi ne. Laifi ɗaya kotu za ta kama shi da shi a sa shi a jirgin ruwa, kuma garinsu yana hannun Rashawa.

Saje Blenkin, ɗan sandan garin, ya aika aka kira masa Reuben Tansley. Reuben mai bin sawu ne. Da ƙuruciya zomayen dajin masu ƙasa yake sacewa, yanzu da furfura ta kama shi, shi suke ba tsaron dajin.

"Ba dogon aiki ba ne," in ji Saje. "Ka bi mini sawu daga nan zuwa gidan Bajamushe, kowa ya huta."

"Tunda ka san inda ya ƙare, me ya hana ka bi da kanka? Ko tumbin ne ba ya barin ka ga ƙasa?"

"Tansley, har yanzu ban manta da zomayen nan ba."

"Ni ma ban manta wanda ya ci biyu daga ciki ba."

Suka zagaya ƙaramar ƙofar arewa, wadda ke gangarawa ɗakin tukunya. An yi ruwa ran Lahadi, ƙasa ta yi laushi. Ga sawun Lothar kuwa raɗau, takalmin sojan Jamus mai ƙarfe a dunduniya kamar kofaton doki, shiga da fita.

"Ka gani ko?"

"Na ga mutum ya je aikinsa. Ya fito da bokitin toka a kowane hannu, ga inda ta zube dama da hagu. Tutar a haƙora ya riƙe ta?"

Reuben ya shiga ciki shi kaɗai. Ba wurin zuwansa ba ne sai aure ko mutuwa. Ya wuce kaburburan attajiran ulu da suka gina majami'ar, su da matansu an sassaƙa su a kwance hannu a haɗe, ya wuce allunan sunayen waɗanda suka yi magajin gari, ya tsaya a gindin ginshiƙin. Tsanin masu gyaran fitila yana jingine a mazauninsa. Ya durƙusa ya shafa daɓe. Abin da babu shi ne ya dame shi. Tutar nan in iska ta shigo ma zubar da gashi take yi kamar tsohuwar kaza, mai fizgar ta da gaggawa kuwa sai ya bar rabinta a ƙasa. Ba ko zare. Ya tambayi mai shara, ta rantse tsintsiyarta ba ta iso nan ba tukuna.

Saje bai jira shi ba. Reuben ya iske shi a gidan Lothar, bayan maƙabarta, mutane sun cika bakin shinge, Sajen yana ɗaga wani jan ƙyalle da ya zaro daga kwandon ɗinki. Lothar na tsaye a jikin bango, dogo, hula a hannu. Matarsa Maisie ce ke magana, ciki ya tsufa.

"Ajiye mini kayana, Horace Blenkin. Laimar sojan sama ce, ni na rina ta da hannuna, rigar jariri zan yi."

"Siliki ne, kuma ja ne."

"Hancinka ma ja ne, a kama ka?" Ta fizge ƙyallen, ta naɗe shi a hannu biyu ta ja iya ƙarfinta, ta cilla masa. "Yaga shi in ka isa. Waccan tutar atishawa ma sai ta watsa ta."

Wani ya yi dariya a bakin shinge, wani ya ce wadda ta kwana da abokin gaba ai ba a rasa ta da baki. Saje ya cusa ƙyallen a aljihu duk da haka, ya tafi da Lothar, wai don kare lafiyarsa, kafin alƙali ya zauna ran Jumma'a.

Maisie ta tare Reuben a ƙofa. "Kai ma nasu ne?"

"Ni ba na kowa ba ne. Ƙasa nake tambaya."

"To ka tambaye ta da sauri. In suka sa shi a jirgi, ɗan nan ba zai taɓa ganin ubansa ba."

Washegari Reuben ya je zauren majalisar gari. Magajin gari, Cuthbert Sowerby, mai shagon tufafi ne, kuma ba shi kaɗai ba ne a ɗakin. Samanja Ambrose Hindle yana gefe yana goge sandar girma ta azurfa. Tsohon soja ne da ya haura saba'in, shi ke ɗaukar sandar a gaban magajin gari duk ranar da majalisa za ta shiga majami'a. Shi ne kuma surukin Reuben, mahaifin matarsa Winnie. Ɗansa namiji ɗaya ne, Tom, yaƙin nan da ya wuce ya ci shi.

"Barka da aiki, Baba."

"Cire hularka. A gaban magajin gari kake, ba a gaban barewa ba."

Reuben ya cire. Ya tambaya ko wa ya kusanci tutar kwanan nan. Magajin gari ya ce majalisa ta riga ta yanke shawara, bayan wannan Lahadin za a sauke ta a kai birni a gyara, a sa ta a gilashi a nan zauren, baƙi su riƙa gani. Wani mutum ma ya zo daga birni makon jiya ya auna ta.

"Zamani ya canza, Tansley. Ba za mu zuba ido tarihin gari ya zama abincin asu ba."

"Kai me ka gani, Baba?"

Tsohon bai ɗaga kai daga sandar ba. "Na ga surukina yana shinshinar ƙasa saboda Bajamushe. Abin da na gani ke nan."

Reuben ya ɗauka ya kama bakin zare. Mutumin da ya san darajar tsohon siliki, ya san yadda ake sauke shi ba a zubar ba, ai ba sai an yi nisa ba. Ya hau motar haya zuwa birni, ya ɓata yini guda, ya iske mutumin a gado ƙafa a naɗe da filasta, tun ran Asabar ya faɗo daga keke. Ya dawo da yunwa da haushin kansa.

Ran Alhamis da safe ya koma majami'a ya zauna a bencin baya yana kallon bango. Ƙaramar ƙofa ba ta ce komai ba. Ƙofar kudu, wadda kowa ke bi, 'yan jana'iza sun tattake ta. Sai idonsa ya faɗa kan ta uku, wadda ba wanda ya lissafa da ita don ba a ɗaukar ta ƙofa. Babbar ƙofar yamma ce da ke ƙarƙashin hasumiya, ba a buɗe ta sai ranar da magajin gari da majalisa za su shigo a jere. Ba ta da makulli, gungumen katako ake tokare ta da shi daga ciki, kuma gungumen yana nan a wurinsa. Amma saƙar gizo-gizon da ke tsakanin ƙyauren biyu ta tsinke, ga kuma sabon kurji a daɓe inda gindin ƙyaure ya ja, dama da hagu. Ɓarawo ƙyaure ɗaya zai tura, iya faɗin kafaɗarsa. Wannan ya wangale duka biyun, daga baya ya dawo ta wata ƙofa ya mayar da gungumen.

Ya zagaya waje. Hanyar gaban ƙofar ba a bin ta, gansakuka ta rufe ta. Sawun mutum ɗaya ne. Ba gudu, ba sanɗa. Kowane taku, tsinin takalmi ne ya fara gogar gansakuka kafin dunduniya ta sauka, tazara daidai wa daida, a miƙe kamar an ja zare. Reuben ya yi soja a yaƙin duniya na farko, ƙafafunsa suka riga kansa ganewa. Tafiyar rakiyar gawa ce, wadda soja ke yi sannu a hankali a bayan akwati. Wanda ya ɗauki tutar bai iya fitar da ita ta ƙaramar ƙofar ɗakin tukunya ba, bai kuma iya tafiya da ita kamar mai zuwa kasuwa ba, ko da yake ba mai kallo.

Rabin mazan garin sun iya wannan tafiya. Amma a nan ƙafar hagu tana karkata waje, irin ta gwiwar da ta taɓa cin harsashi, kuma wannan sawun duk Lahadi da rana yana ganin sa a ƙofar gidansa. Ya daɗe a tsugune. Da ya tashi ya bi shi, sawun ya kewaya hasumiya, ya nufi sabon kabarin tsohuwar da aka binne ran Talata, ya ɓace cikin sawun 'yan jana'iza.

Saje ya bar shi ya ga Lothar a ɗakin tsaro.

"Ramin tsohuwar nan, yaushe ka haƙa shi?"

"Litinin."

"Da safe ka same shi yadda ka bari?"

Lothar ya dubi tafin hannunsa. "An taɓa gindin. Wani ya tona, ya mayar, ya daddaɓe. Ya fi ni iyawa."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? Ramina ne. Shebur nawa ne. In na buɗe baki, igiya na ƙara wa wuyana."

A gida Winnie ta ajiye masa dankali da naman gwangwani, bai taɓa ba. Ta tsaya a kansa tana goge hannu.

"Ka san ko wane ne."

"Ke ma kin sani."

"Babbar rigar Baba ta soja ba ta a ƙusa tun ran Talata." Ta ja kujera ta zauna. "Reuben, ya haura saba'in. Gidan da yake ciki na majalisa ne. Bajamushen nan yaro ne, zai soma rayuwa a wani wuri."

"A wane wuri? Kin san inda za su kai shi."

"Su suka kashe Tom."

"Ba a kan Tom ake tuhumarsa ba."

"Kaza mai tone-tone ita ke tono wuƙar yanka ta. Kada ka ce ban faɗa maka ba."

Ya ɗauki hularsa ya tafi gidan tsohon, don ya ba shi dama ya faɗa da bakinsa. Samanja bai buɗe ƙofa ba, ta taga ya leƙo.

"Baba, na ga ƙofar yamma."

"Ka ga laka. Dubi sama, ɗan zomaye. Shaidarka ba za ta kwana ba."

Ya ja taga ya rufe. Kafin Reuben ya isa gida ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Ran Jumma'a da safe, kafin a zauna kotu, Reuben ya nemi a taru a ɗakin da limamai ke sa tufafi. Rabaran, limamin majami'ar, ya zo, da magajin gari, da Saje riƙe da Lothar, Maisie a bayansu. Samanja ya rako magajin gari kamar kullum, ya tsaya a bakin ƙofa a miƙe kamar an dasa shi.

"Ba ni da sawun da zan nuna muku," in ji Reuben. "Ruwa ya wanke."

"To me ka tara mu mu yi, waƙa?" in ji magajin gari.

"In gaya muku abin da na gani kafin ruwan, Saje ya kai kotu. Suna ba ni da shi. Amma yadda aka yi da tutar na gani." Ya kafa ido a kan tebur. "Fizgo ta aka yi. An ja ta a ƙasa kamar tsumman goge daɓe, tun daga gindin ginshiƙi har waje. A cikin taɓo aka ja ta. Akwai inda aka taka ta da takalmi. A bayan hasumiya akwai wurin da karnuka ke kashi, ta nan aka bi da ita."

Rabaran ya rufe ido. Magajin gari ya juya ya dubi Lothar kamar zai tofa masa yawu.

"Allah ya isa tsakanina da kai, Reuben Tansley," in ji Maisie. "Ka zo ka ƙara masa wuta ne?"

Reuben bai kula ta ba. "Haka za a karanta a kotu, haka jarida za ta buga. Duk gidan da ya ba bataliyar nan ɗa zai ji yadda tutarsu ta ƙare. Jikoki ma haka za su ji. A cikin kashin kare."

"Ƙarya kake."

Ba da ƙarfi aka faɗa ba. Duk suka juya bakin ƙofa. Samanja ne, kafaɗarsa ba ta motsa ba.

"Ba ta taɓa ƙasa ba. A kan hannuna na sauke ta, na naɗe ta a babbar rigata. Ta ƙofar da ta shigo ta fita, kuma yadda ya kamata ta fita."

Saje ya saki hannun Lothar bai ma san ya saki ba.

"Ambrose," in ji magajin gari. "Ina take?"

"Ƙarƙashin akwatin tsohuwar da kuka binne ran Talata. Je ka tono, Cuthbert. Nemi izinin bishop, ka ɗaga baiwar Allah daga kabarinta, ka kai tutar gilashinka kusa da fasassun tukwane. Ka ɗauka rigar shagonka ce da za ka rataya a taga? A nan aka kawo ta ta mutu. Ba ku bar ta ta mutu ba, ni na binne ta."

"Majalisa ce ta yanke shawara."

"Majalisa ba ta taɓa tafiya a bayanta ba."

Maisie ta matso har gabansa, ciki a gaba. "Mijina fa? Da ka bari an tafi da shi?"

Samanja ya dubi Lothar tun daga takalmi har gashin kai. "Da na bari."

Sannan ya juyo kan surukinsa. "Kai kuma ka san ƙarya ka yi."

"Na sani, Baba."

"A cikin majami'a."

"A cikin majami'a."

Kafin tsakar rana Lothar ya koma gida, da yamma ya hura wutar tukunya kamar ba abin da ya faru. Tutar ba a tono ta ba. Bishop ya ƙi ba da izini, kuma ba a sami ko mutum ɗaya a garin da zai riƙe shebur ba. Alƙali ya ce wa tsohon ya ba majalisa haƙuri a kashe magana. Ya ce bai san abin da zai ba da haƙuri a kai ba. Aka sake tambayarsa, ya sake faɗa, ya ƙara da cewa in aka rataye wata gobe aka ce za a sa ta a gilashi, ita ma zai binne ta.

Ba a ɗaure shi ba, saboda shekarunsa. Majalisa ta karɓe sandar, ta karɓe alkyabbar muƙaminsa, ta karɓe gidan. Ran Lahadi wani magatakarda ne ya ɗauki sandar, ya riƙe ta kamar mai dakon itace, Samanja kuwa yana waje a cikin jama'a da lambobin yabonsa a ƙirji, mutane suna cire masa hula. Reuben ne ba su yafe wa ba. In ya shiga mashaya sai bencin da ya zauna ya zama nasa shi kaɗai.

Tsohon ba shi da wurin zuwa sai gidan 'yarsa. Reuben da kansa ya turo kayansa a amalanke, ya gyara masa ɗakin baya. A tebur ɗaya suke cin abinci, safe da yamma, har ranar da ya mutu, kuma bai sake ce wa Reuben ko kalma ɗaya ba. In gishiri yana gaban Winnie sai ya ce ta miƙo. In yana gaban Reuben, sai ya ci abincinsa lami.